Ranar da Banki Ya Cinye Kuɗin Irin Kaka

Ni ce mace ta farko da ta buɗe asusun banki a gidan hayar da muke zaune a unguwar Gwange a Maiduguri, kuma ba zan yi ƙarya ba, na yi taƙama da abin har ya so ya yi yawa. Gida ne mai ɗaki takwas, famfo ɗaya, da bishiyar maina a tsakar gida wadda kowa yake son inuwarta amma babu mai son share ganyenta. Aikina raino ne a wata makarantar kuɗi ta ƙananan yara: in wanke wannan, in share wa wancan majina, in raba faɗa a kan biskit. Albashina dubu ashirin da biyar ne a lokacin. Wata rana mai makarantar ta ce ta gaji da zuba kuɗi a ambulan, kowa ya je ya buɗe asusu, har mu masu raino da mai gadi. Haka na dawo gida da kati a jaka, ina taku ɗai-ɗai don a tambaye ni inda na fito.

Lokacin ba a kai ga yanzu ba da kowace yarinya take da asusu a cikin wayarta. Matan gidanmu da na maƙwabta da yawa mazansu ko 'ya'yansu suna nesa, wani Legas, wani Fatakwal, wani Kano, kuma da can sai an sami direba ko ɗan gari mai dawowa a ba shi saƙo. Da aka ji ina da lamba, shi ke nan, aka fara aro. Mace za ta leƙo ɗakina ta ce, "Maman yara, ara mini lambarki, babansu zai turo." Sai in karanta mata da ƙarfi, ita kuma ta maimaita wa mijinta a waya. In alat ya shigo, in biya wajen mai POS a bakin titi in ciro in kawo mata. Ban taɓa karɓar ko sisi ba. Ladan mai POS kawai ake cirewa, shi ma a gaban mai kuɗin nake faɗar nawa ne. Wata ta ba ni sabulu, wata ta ɗibar mini turaren wuta, wata kuma godiya kawai, duk ɗaya ne a wurina. Mijina, wanda yake gyaran fanka da dutsen guga a wata rumfa a Hausari, sai ya koma kirana manaja. In na yi masa tsiwa ya ce, "A yi haƙuri, manaja, kada a rufe mana reshe."

Mahaifiyata uwar adashi ce a zamaninta, a wurinta na ga yadda ake riƙe kuɗin mutane. Kowa da ƙullinsa. Jan ƙyalle na wance, shuɗi na wance, nata na kanta kuma yana cikin gwangwanin madara, ba ya taɓa haɗuwa da na kowa. Ni ma haka na tashi. In na ciro kuɗin mata biyu rana ɗaya, tun a gaban mai POS nake raba su, kowanne da ledarsa. Kuma a cikin kaina, wallahi, haka na zaci banki yake yi a can ciki: nawa a gefe, na mutane a gefe. Ban taɓa tambayar kowa ba, don ban ga abin tambaya ba.

Wadda ta fi kowa aron lambata ita ce tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe, kusa da famfo. Kowa Kaka yake ce mata. Kanuri ce, mutuniyar Konduga, ta dawo cikin gari da zama a shekarun da aka sha wahala, amma hankalinta yana gona. Duk damina sai ta tattara ta koma can wajen ƙanwarta ta yi wata uku ko huɗu, ta shuka gyaɗa da wake da 'yar kuɓewa, ta dawo da abin da za ta ci shekara. Ɗanta ɗaya ne, yana aikin gadi a Fatakwal, shi ne mai turo mata. Hausarta gajera ce, ba ta ɓata kalma. In na kawo mata kuɗi ba ta ƙirgawa, sai dai ta yi mini sannu da Kanuri, "Wushe, 'yata," ta tura ƙarƙashin tabarma. Na sha yi mata faɗa. "Kaka, ki ƙirga mana! In na cuce ki fa?" Sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke? Surutu kika iya, ba cuta ba."

Ina jin daɗin maganar nan fiye da albashina. Mu ba masu kuɗi ba ne, ba mu da fili, ba mu da mota, amma in na ratsa layinmu an san wannan ita ce wadda ake ba wa amana ta kawo cif. Abin da nake da shi ke nan, kuma ya ishe ni ɗaga kai.

Sai wata rana wasu samari biyu daga banki suka zo makaranta, sanye da kwat a cikin zafin Maiduguri, gumi yana tsiyaya ta wuyansu. Suka ce sun kawo wa masu albashi sauƙi, wai sunansa obadiraf. Ko asusunki babu komai, kina iya cirar har rabin albashinki, in albashi ya shigo a cike gurbin. Malamai suka sa hannu, ni ma na sa. Takarda ce shafi uku da Turanci ƙanana kamar tururuwa, ni da na tsaya a aji uku na sakandare, ina ni ina karanta ta? Na dai tambayi ɗayansu, "Akwai kuɗin ruwa a ciki?" Ya ce, "Ɗan caji ne kawai, Hajiya." Hajiyar nan da ya kira ni ita ta ƙarasa ni.

Na yi wata uku ban taɓa shi ba. Sai aka shiga wani wata, gawayi ya ƙare, shinkafa ta ƙare, ƙaramar 'yarmu ta kwanta zazzaɓi, wutar lantarki kuma ta yi sati biyu ba ta leƙo ba, babu mai kai wa mijina fanka balle dutsen guga. Na je na ciri dubu biyar. Kai, daɗin da na ji ranar! Na'ura ta miƙo mini kuɗi ba tare da na tsuguna a ɗakin kowa ina kame-kame ba, ba ta tambaye ni me zan yi da su ba, ba ta kuma ba wa maƙwabta labari ba. Na sayi magani, na sayi gawayi, har da ƙanƙarar ɗari na sayo muka sha ruwan sanyi.

Ashe ɗan cajin nan 'ya'ya gare shi. Akwai na ranar da ka ciro, akwai mai hawa kullum har ka biya, akwai na kati. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne kuɗin saƙo. Su turo mini saƙo su ce ba ni da kuɗi, sannan su ciri ladan gaya mini. Na ce da mijina, "Yo ni da nake kwana da talaucina nake tashi da shi, sai an rubuto mini shi a waya?" Ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Shi haka yake, in ina tafasa yana fifita.

Albashi ya shigo, suka kwashe nasu, abin da ya saura bai kai ni ƙarshen wata ba, na sake cira. Da haka biyar ta zama takwas, takwas ta zama goma sha biyu. Ni da mijina rami muke ce masa. In ya gan ni na yi shiru ina danna waya sai ya ce, "Yaya zurfinsa yau?" Zuciyata kuma ba ta taɓa kwanciya da ruwan da ke cikinsa ba. In malami ya taɓo zancen riba a rediyo sai in tuna ina da wanke-wanke.

Na koyi dabaru iri-iri. Ranar albashi ina fita da sassafe in kwashe abin da ya rage gaba ɗaya kafin wani caji ya hango shi. Na daina hawa keke da safe, ina takawa, sai in rana ta buɗe a dawowa nake hawa. Ba wai muna cikin baƙin ciki ba ne, a'a. Muna ci, muna dariya, yara suna zuwa makaranta. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban gaya wa matan gida ba. Ta ina manaja za ta fara? Kuma na yi ta sa'a, don mazansu su ma 'yan albashi ne, kuɗinsu farkon wata yake zuwa, bayan nawa albashin ya cike ramin. Shi ya sa ban taɓa ganin abin da ke jirana ba.

Sai aka zo wani wata gab da damina, iyayen yara suka yi nauyin biyan kuɗin makaranta, mai makarantar ta ce mu yi haƙuri. Wata ya mutu, aka shiga sati na biyu, babu albashi. Ramin yana nan a buɗe, caji yana hawa. Hadari kuma ya fara haɗowa da yamma, Kaka ta ɗaure kayanta ta jera su a bakin ƙofa. Ranar Litinin ta kira ni ta ce ɗanta zai turo dubu talatin gobe, na iri da na masu huɗa da kuɗin mota, da ta karɓa za ta wuce Konduga. Na ce, "Allah ya kawo, Kaka." Wallahi ko ɗar ban ji ba. Ai kuɗinta ne, me ya haɗa su da bashina?

Ranar Talata ina tsugune a aji ina ɗaura wa wani yaro igiyar takalmi, waya ta yi ƙara. Na duba, dubu talatin sun shigo. Sai na kai ido ƙasa inda ake rubuta abin da ke ciki, na ga dubu goma sha shida da ɗari huɗu. Na goge fuskar wayar da gefen mayafi na sake dubawa. Yaron yana ta ce mini ɗaya ƙafar, ɗaya ƙafar, ni kuwa ko jin sa ba na yi.

Na roƙi mai makaranta izini, na tari keke sai banki. Na yi fiye da awa a layi, kuma duk tsawon layin nan ina wasa bakina. Da na isa gaban gilashin, wata yarinya ce a zaune, ba za ta girmi ƙanwata ba. Ko sallama ban yi mata ba.

"Kuɗin tsohuwa kuka taɓa," na ce. "Ni kuke bi, ba ita ba. Ku jira albashina mana! Wannan kuɗin iri ne, daga Fatakwal ya zo. Duba sunan wanda ya turo, ya yi miki kama da sunan makarantarmu?"

Ta karɓi katina, ta danna, ta duba, sannan ta ce a hankali, "Mama, asusun ba ya sanin na wane ne. Duk abin da ya shigo cikinsa, naki ne a wurinsa. In ana bin ki, daga ciki za a cira."

"To ku kwance ƙullin ku ware nata!"

"Wane ƙulli, Mama?"

Ita da gaske take tambaya, ba rainin wayo ba ne. A tsaye a wurin na gane babu jan ƙyalle babu shuɗi, tukunya ɗaya ce ake zuba komai, kuma shekara guda ina zuba amanar mutane a cikin tukunyar da ni na huda gindinta. Na ce to, tunda kuɗin Kaka sun cike ramin, a bar ni in sake cira in cika mata abinta. Ta ce an dakatar mini, don na wuce wa'adin biya, ba za a buɗe ba sai albashi ya shigo. Na faɗi maganganu a wurin nan waɗanda ba zan rubuta ba. Mutanen layi suna ba ni haƙuri, mai gadi yana matsowa. Yarinyar ba ta rama ba ko sau ɗaya, ruwan leda ma ta miƙo mini. Har yau in na tuna ina jin kunyarta.

Na ciro abin da ya rage na dawo gida. Kaka tana zaune a kan ƙullin kayanta, tana ganina ta miƙe. Ni da ban taɓa yi mata ƙarya ba, sai na ji bakina ya ce, "Kaka, babu netwok yau. Sai gobe." Ta ce, "To, 'yata," ta koma ta zauna.

Niyyata in haɗa cikon kafin gobe, kada kowa ya ji. Amma a wurin wa? Duk wadda zan ranta a hannunta a gidan nan take, kuma sai ta tambayi dalili. Laraba da la'asar aka kece da ruwa, irin ruwan farko mai ƙarfi da manoma suke jira. Yara suka fita tsakar gida suna tsalle. Na leƙa ta labule na ga Kaka a bakin ƙofarta ta miƙa hannu ruwa yana zuba a tafinta, tana kallon gabas. Da ruwa ya ɗauke, sai ta kawo mini burabusko da miyar kuɓewa a kwano, ta ce na sha wahalar zirga-zirga a kan kuɗinta. Na karɓa na ce yau ma netwok ne. Abincin nan ko loma ɗaya bai wuce mini ba, yara ne suka cinye.

Ranar Alhamis na ɗauki atamfar da mijina ya saya mini tun Sallah, ban ko ɗinka ba, na kai wa dillaliya ta ba ni dubu shida tana yatsina. Mijina ya zazzage aljihunsa ya ba ni dubu ɗaya, ita ke nan gare shi. Sannan ya ce, "Ke da ba kya iya riƙe magana minti biyar, yau kwana uku kina riƙe da wannan. Dubi idonki. Je ki gaya mata." Na hau shi da faɗa, na ce shi me ya sani, ai ba sunansa ne zai zube a unguwa ba. Ya bar ni na gama, ya ce, "Sunan naki yana zubewa tun Talata, ke ce ba ki leƙa ba." Na tsani ranar da mutumin nan yake da gaskiya.

Juma'a da muka tashi daga makaranta na wuce ɗakinta kai tsaye, ko mayafi ban cire ba. Na durƙusa na ajiye kuɗin a gabanta, dubu ashirin da uku da ɗari huɗu, na faɗa mata komai: takardar da na sa wa hannu, ramin, cajin, atamfar, har ƙaryar netwok. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ɗauki kuɗin ta fara ƙirgawa, ɗaya bayan ɗaya, tana lasar yatsa. Ban taɓa ganin ta ƙirga kuɗin da na kawo ba sai ranar. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

"Yaushe ya shigo?" ta ce.

"Talata, Kaka."

"Talata. Da ranar kika faɗa mini, da na tafi da abin da ya samu. Ƙanwata za ta ara mini iri. Da na shuka da ruwan Laraba. Kuɗi ba ki ci ba, na yarda. Kwana uku kika ci mini."

Na fashe da kuka, ni da ake cewa idona ba ya ruwa. Na rantse mata da albashi ya shigo za su buɗe mini, a ranar zan ciro cikon in aika mata da direba.

Ta ce, "In kin ciro, caji ya hau ki kuma?"

Na ce e.

"Kullum?"

"Kullum, Kaka."

"To ni ba na hawa. Kada ki ciro nasu ki ba ni. Bashin ya dawo wurina, ki bar shi a nan. Ki ajiye mini dubu biyu duk wata."

Washegari da safe ta tafi. Duk shekara ni take bar wa makullin ɗakinta in riƙa buɗewa yana shan iska. A wannan shekarar ta ba matar tela da ke ɗaki na uku, a gabana. Na ɗaukar mata kaya har bakin titi, ta ce, "Wushe," ta hau keke. Ta yafe mini kuɗi, amma ban san ko ta yafe mini ƙarya ba, kuma da wannan na zauna duk daminar.

A yammacin ranar na tara matan gida a gindin maina na gaya musu da bakina, kafin su ji a wani wuri. Na ce kada wadda ta sake ba da lambata sai na ce, ga dalili. Na zaci ƙasa za ta tsage. Sai matar tela ta tafa hannu ta ce, "Tabɗijam! Ashe reshe ya ci bashi!" Aka kwashe da dariya, har ni. Wata ta ce ai ƙanin mijinta ma yana cikin irin wannan ramin, shekara biyu ke nan, in albashi ya zo ko warinsa ba ya ji. Biyu daga cikinsu dai ba su sake aron lambata ba har yau, sun koma turawa ta wajen mai POS. Ya yi mini ciwo, amma ban ga laifinsu ba.

Da albashi ya zo, cikakke ya zo, don kuɗin Kaka sun riga sun toshe ramin. Na yi wata bakwai rabon da in ga dubu ashirin da biyar a haɗe. Saƙo kuma ya biyo baya wai an sake buɗe mini obadiraf, in ji daɗina. Na ce ku riƙe daɗinku. Na koma banki wurin yarinyar nan, wannan karon na yi sallama, na gaishe ta har da tambayar mutanen gida, na ba ta haƙuri, na ce a rufe. Ta ce, "Kin tabbata, Mama? Yana da rana." Na ce na ga ranarsa. Ta ba ni takarda na sa hannu, wannan kam sai da ta karanta mini ita layi-layi da Hausa.

Watannin da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba, amma ina tuna su da daɗi. Satin ƙarshen wata in ya matse, babu na'urar da za a ruga. Mu ci ɗanwake, mu ci fate, ranar da babu mai mu ci da yaji. Na fara dafa zoɓo ina ƙullawa a leda, ina kai wa wani mai firiza a layinmu ya daskarar mini, ina sayar wa iyaye a bakin makaranta lokacin tashi. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma tana sayen gawayi. Mijina ya daina tambayar zurfi, ya koma tambayar ko akwai ragowar zoɓo. Na rame, ban musa ba, har mai makaranta ta tambaye ni ko ciki ne. Amma in waya ta yi ƙara gabana ya daina faɗuwa, kuma in malami ya taɓo zancen riba ina zama in ji har ƙarshe.

Kaka ta dawo bayan kaka da buhunan wake da gyaɗa. Waken ya yi kyau. Gyaɗar kuwa ba ta kai ta bara ba, ta ce gefe ɗaya na gonar bai samu iri ba, wanda aka shuka kuma ya makara. Haka ta faɗa, ba ta ƙara ba, ba ta dube ni ba. Na kawo mata dubu shida da ɗari shida, ta karɓa ta ce madalla.

Na ce, "Kaka, gobe ki shirya, ki ɗauko katin zaɓenki. Za ki buɗe asusunki na kanki. Kuɗinki ba zai ƙara kwana a tukunyar kowa ba." Ta yi gardama, ta ce ita da ba ta san bihim ba me za ta yi da banki. Na ce ko a goye sai na kai ta. A raina kuwa na san abin da nake yi, ina sallamar kaina ne daga aikin da na fi so, kafin ita ta sallame ni.

Mun yini a can. Aka ɗauki hotonta sau huɗu don ta ƙi kallon na'urar, aka dangwala yatsunta duka, tana ta mita da Kanuri. Yarinyar nan ce ta yi mana komai. Da aka ba ta kati aka ce ta zaɓi lambobi huɗu na sirri, yarinyar ta ja mata kunne sosai: kada ta gaya wa kowa, ko ɗan da ta haifa, kada kuma ta ba wa kowa katin. Ni ma na ce, "Kin ji ko, Kaka? Kowa." Na juya baya na fuskanci bango har ta gama dannawa.

Muka fito muna jiran keke a bakin titi, rana tana dukanmu. Sai na ji ta kamo hannuna ta cusa mini katin, ta kuma faɗi lambobin nan huɗu da ƙarfi, da Kanuri, sannan ta maimaita da Hausa don kada in ce ban ji ba.

"Kaka! A kan titi? Yanzu fa aka gama gaya miki!"

"Riƙe. Ni ina zan kai shi, gona?"

"Ni fa, Kaka? Bayan abin da na yi?"

"Yarinyar can ba ta san ki ba, ni na san ki. Ƙarya ɗaya kika yi mini, dubi yadda kika koma kamar mai jinya. Ba za ki iya ta biyu ba." Ta matse yatsuna a kan katin. "Amma in abu ya faru ranar Talata, ranar Talata nake son ji."

Keke ya tsaya a gabanmu, mai keken ya ce ina za mu. Ni mai surutu ina tsaye ina ta kallon katin a tafin hannuna. Kaka ce ta ce masa Gwange, ta tura ni ciki, ta hau ta zauna kusa da ni.